Ɗigon Jan Farce a Ƙarƙashin Kibod

Duk wanda ya ce mini aikin Gwaggo Safara'u ba aiki ba ne, to mun ɓata ke nan, ko a gidan suna muka haɗu. Na sha jin ana faɗa a bayan idonta, wai tsohuwa ta rasa abin yi, ta zo tana danne-danne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Masu faɗar haka yawancinsu da yatsa biyu suke rubutu a kwamfuta, suna yi suna laluben harafi. Ni da na zauna kusa da ita a wurin aiki shekara uku na san abin da take yi, kuma na san abin da aka yi mata, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba ƙanwar ubana ba ce. Maƙwabciyarmu ce a Ƙofar Durbi, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma duk unguwar Gwaggo ake ce mata, har 'ya'yan da ta haifa. Ni sunana Bashira. A hannunta na koyi ɗora yatsu a kan kibod, wato allon nan mai maɓallan haruffa da ake rubutu da shi a kwamfuta, kuma ita ta sama mini aikin duba takardun masu shiga a cibiyar jarrabawar da abin ya faru.

Ta fara aikin gwamnati a 1985, tana 'yar shekara goma sha takwas, mai buga tafireta a wani ofis. A lokacin in ka yi kuskure a kan sitensil, takardar nan mai kaki da ake gurza kwafi da ita, ba goge shi ake yi ba. Wani jan ruwa ake ɗiga masa, a jira ya bushe, a sake bugawa. In ruwan ya ƙare a ofis, kuma kusan kullum a ƙare yake, sai masu tafireta su sayi jan farce a kasuwa su yi da shi. Tun daga nan kwalbar jan farce ba ta rabu da jakar Gwaggo ba, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa shafa shi a farcenta ba, lalle take sawa.

A shekararta ta biyu wani abu ya same ta wanda ya bi ta har tsufa. An ba ta jerin sunayen ma'aikatan da aka ƙara wa girma ta buga. Ashe lamba bakwai ta tafiretar ta fara mutuwa, ba ta taɓa takarda sosai. Lambar fayil ɗin wani masinja ta fito babu bakwai ɗinta, mutumin ya shekara biyu yana zarya daga wannan tebur zuwa wancan kafin a yarda shi ne shi. Ba wanda ya zargi Gwaggo, ita ce ta zargi kanta. Daga ranar ko wasiƙar neman hutu za ta buga, sai ta fara sa farar takarda ta bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya ta ga kowanne ya fita.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, manyan akawu maza suka riƙa zillewa, wannan ya ce idonsa, wancan ya ce bayansa. Gwaggo ta ja kujera ta zauna, cikin wata biyu ta fi mai koya musu sauri. Ta yi shekara talatin da biyar cif, aka sallame ta da takardar yabo da wani agogon bango wanda bai kai sati yana tafiya ba.

Mijinta Malam Sada ya rasu kafin ta yi ritaya, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansu huɗu, na farin shi ne Abdurrahim. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a hira da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Wasu sun sassauta, amma Gwaggo ta riƙe abin da hannu biyu. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya zama "ɗan Inna". Da ya girma ya fara koyarwa a Batagarawa, sai ya koma "mutumin Batagarawa". Ni kuwa da ba na rasa tsokana sai in ce, "Gwaggo, wane mutumin? Ai Batagarawa da mutane da yawa." Sai ta harare ni ta ce in je in ga ko ana kirana a gida. Amma duk ranar da ta ji zai shigo gari, za ka ga ta dafa ɗanwake tun da hantsi, ta rufe a kwano ta ce a ajiye wa masu jin yunwa. Kowa ya san mai jin yunwar mutum ɗaya ne.

Abdurrahim ya shekara tara yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, aikin da ba takardar ɗauka, ba fansho, mai makaranta na iya ce maka kada ka zo gobe. Ga mata da 'ya'ya uku. Sau uku yana neman aikin dindindin bai dace ba. Sai wata hukuma ta buɗe ɗaukar malamai, ta ce a kwamfuta za a yi jarrabawar, kuma duk wanda ya cika shekara talatin da biyar kada ma ya wahalar da kansa. Saura wata biyu ya cika. In wannan ta wuce shi, babu wata a gaba.

Aka tura shi cibiyar Alhaji Yahaya da ke Kambarawa, inda ni da Gwaggo muke aiki.

Alhaji Yahaya mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare, mai doguwar gaisuwa, wanda duk abin da ka kawo masa zai ce maka ba komai. Rufi na yoyo, ba komai. Janareta na tari, ba komai. Ya ɗauki Gwaggo ne saboda hukumomin da ke kawo jarrabawa cibiyarsa sun shar'anta a samu wanda zai sa hannu cewa an duba kayan aiki, shi kuma ya ji an ce sa hannunta yana da daraja a gari. Hannun yake so, aikin bai dame shi ba. Da ya san irin matar da ya ɗauko, da bai ɗauko ta ba.

Kwamfuta ɗari da ashirin ne a zauren, kuma kafin kowace jarrabawa sai Gwaggo ta bi su duka. Za ta buɗe farin shafi, ta fara daga layin sama, hagu zuwa dama. Kowane maɓalli sau uku take taɓa shi: na farko a hankali kamar mai tsoro, na biyu yadda mai rubutu yake yi, na uku ta danne ta riƙe ta ga ko zai maƙale. Idonta na kan gilashin kwamfutar, kunnenta na kan kibod. In ta gama sai ta kifa shi ta bubbuga bayansa, ka ga ɓawon gyaɗa da ƙusar takarda da gashin gemu suna zubowa. Kwana biyu take yi tana wannan, ba ta tsallake ko ɗaya.

Ma'aikatan cibiyar sun nuna mata wani shafi a intanet wanda in ka danna maɓalli sai hotonsa ya yi kore. Ba ta raina shi ba, har tana amfani da shi. Amma ta ce musu, "Shi wanga shafi zai hwaɗa maku maɓalli shina aiki. Ba zai hwaɗa maku sai an hau shi da ƙarfi sannan shi yi ba. Wanda bai saba ba, a hankali zai taɓa." Wannan magana ita ce dukan aikinta. Ba don ƙwararru take dubawa ba, don malamin ƙauye take yi, wanda ranar ce karo na biyu ko na uku da zai zauna gaban kwamfuta.

Duk kibod ɗin da ta samu da matsala, tana manna masa farar takarda a sama ta rubuta laifinsa. Sannan ta juya shi ta ɗiga masa jan farce a ƙasa, a kusurwar hagu. Wannan ɗigon ba wanda ya san da shi sai ni.

Jarrabawar ranar Asabar ce. Alhamis da Juma'a Gwaggo ta bi zauren, ta ware guda goma sha ɗaya. Wani harafin C ɗinsa ya mutu murus, wani B ɗinsa na maƙalewa, wani in ka danna N don wucewa tambaya ta gaba sai ya tsallake biyu. A irin wannan jarrabawa kuwa an cire maus, wato linzamin kwamfuta, da maɓallan nan kaɗai ake amsawa: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya. Aka canja su da masu kyau, aka kai matattun sito, ta sa hannu a takarda cewa kwamfuta ɗari da ashirin lafiyarsu ƙalau. Gaskiya ta rubuta.

Da muka iso Asabar da safe sai muka tarar an ƙara layi ɗaya a can baya, jikin bango, tebur goma sha ɗaya. Gwaggo ta tsaya tana kallonsu. Ta sami Alhaji a bakin ofis, suka gaisa har ƙarshe, ta tambayi iyali, ya tambayi jikoki, sannan ta ce, "Alhaji, layin can na baya ban san da shi ba."

"An ƙaro mamu mutane ne, Malama," in ji shi. "Kayan kau aro na yi wurin wani abokina, sababbi ne dal. Ba komai."

"To a ba ni minti ashirin in taɓa su."

"Ina lokaci? Jami'ai sun iso, sun rufe zaure. Ai kin gama naki tun jiya."

Ta nufi sito ta ga ko matattun na nan, ta tarar da shi a kulle, makulli kuma a aljihun Alhaji. Ta dawo, na ga yadda ta ɗaure fuska.

Shugaban jami'an da hukumar ta turo sunansa Malam Mudassir, matashi ne mai natsuwa, ba zai wuce sa'ar Abdurrahim ba. Ya tara mu ma'aikata a baranda, mu tara, maza bakwai, ya karanta dokoki. A ƙarshe ya ɗaga kai ya ce, "Akwai wanda yake da ɗa, ko ƙane, ko mata, ko miji a cikin masu rubutawa? In akwai ya faɗa yanzu, ya faɗi sunan, mu ba shi aiki a waje."

A nan aka yi kuskuren. Na dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Matar da ta shekara talatin da huɗu ba ta furta sunan nan ko a cikin ɗakinta ba, ita za ta buɗe baki a gaban maza bakwai da baƙo ta ce ɗana na fari yana ciki, sunansa wane? Ba ta iya ba. A ranta ta ƙudurta ba za ta ko kalli inda yake ba, shi ke nan. Alhaji ya sani sarai, ya yi shiru don ba ya son a rage masa mai tsaro a zaure. Ni ma na sani, na yi shiru don ina jin nauyinta. Kalma biyar ce da na faɗa da ba a kai inda aka kai ba, kuma har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Ni na duba takardar Abdurrahim a ƙofa. Na tsokane shi na ce, "Malam, yau dai ɗalibi ne kai." Ya yi murmushi, leɓensa a bushe. Lambarsa na cikin waɗanda aka ƙaro, saboda haka layin baya ya nufa, kujera ta huɗu daga taga. Gwaggo na ganin haka ta koma can ɓangaren gaba ta juya wa layin baya.

Aka fara ƙarfe goma. Awa ɗaya aka bayar, tambaya sittin. Bayan an rufe ƙofa na shiga na tsaya daga ciki. Zaure ya yi tsit, sai ƙarar fanka da ɗan tak, tak na maɓallai nan da can, domin a irin wannan jarrabawa mutum ya karanta ne ya danna sau ɗaya, ya danna na wucewa.

Wajen minti goma sha biyu da farawa na ga Gwaggo ta tsaya cak a tsakiyar tafiya. Ba ta juya ba, kanta kawai ta ɗan karkatar. Sai ni ma na ji. Daga baya ake bugawa: tak, tak, tak, tak, maɓalli ɗaya sau huɗu, na ƙarshen da ƙarfi. Shiru. Sai kuma a sake. Ba mai bugun amsa haka sai wanda amsar ta ƙi shiga.

Na leƙa layin. Abdurrahim ne, gumi na bin wuyansa, yatsarsa a kan C. Ya ɗaga kai zai nemi mai tsaro, ya ga wadda ke kusa Gwaggo ce, ya mayar da kai ƙasa. Shi ma kunyar ce ta kama shi, ga kuma tsoron kada a ce ya kira uwarsa ta taimake shi. Sauran goman kuwa ba wanda ya ɗaga hannu. Wata mata mai goyon ciki tana ta kallon yatsunta. Wani mai gemu ya haɗa tagumi. Kowannensu ya ɗauka shi ne bai iya kwamfuta ba, laifinsa ne, ƙauyancinsa ne. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. An ba mutane mataccen abu, sun zauna suna jin kunyar kansu.

Gwaggo ta yi kamar minti ɗaya a tsaye. Na san abin da take aunawa. Ta nemi Malam Mudassir da ido, yana can ƙarshen zaure ya duƙa kan wata kwamfuta. Aka sake bugawa, tak, tak, tak, tak. Sai ta juya ta bi tsakanin tebura da saurin da ban san tana da shi ba, ta tsaya a kansa, ta ce da muryar da duk zauren ya ji:

"Abdurrahim, ɗauke hannunka. Ba kai ba ne, abin ne matacce."

Ya ɗago ya dube ta, bakinsa a buɗe. Ta sa hannu ta kifa kibod ɗin. Ga ɗigon jan farce nan a kusurwar hagu. An ɓare farar takardar sama, an goge wurin da tsumma, amma ba wanda ya yi tunanin duba ƙasa. Ta wuce tebur na gaba ta kifa, ja. Na gaba, ja. Ta bi goma sha ɗayan nan kaf, masu jarrabawa na janye hannu suna ba ta wuri.

Malam Mudassir ya iso, Alhaji na biye da shi yana tattare babbar riga.

"Mama, me ke faruwa? Kin san doka ta hana magana da mai rubutawa."

"Na sani. Ka dakatar da agogon layin ga. Kayan ga ni na ware su jiya, matattu ne."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ranka shi daɗe, tsufa ne. Kayan ga sababbi ne. Kuma ga takarda, ita da kanta ta sa hannu komi lahiya lau."

"Na sa hannu kan ɗari da ashirin," in ji Gwaggo. "Ƙirga teburan ka gani ko ɗari da ashirin ne." Ta juya ga jami'in. "Kada ka yarda da ni, ɗana. Zauna ka taɓa da hannunka. A hankali za ka taɓa, kamar wanda bai saba ba."

Ya zauna a kujerar Abdurrahim. Ya taɓa A, ta shiga. B, ta shiga. Ya taɓa C, ba abin da ya motsa. Ya sake, ya sake, ya danne da babban yatsa, shiru. Ya koma tebur na gaba, Gwaggo na gaya masa laifin kowanne tun kafin ya taɓa: wannan B zai maƙale, wannan N zai tsallake biyu, wannan D sai an hau shi. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Matar nan mai ciki ta fashe da kuka, ta ce ita tun tambaya ta uku take zaton hannunta ne.

Da Alhaji ya ga ƙasa ta ƙare masa, sai ya jawo abin da ya tanada. Ya matsa kusa da jami'in, ya sassauta murya yadda dai kowa zai ji, ya ce, "Ni ban so in hwaɗa ba. Amma ka tambaye ta yadda ta san sunan wanga. Ɗanta ne na cikinta. Da sahe ka yi tambaya, ta yi shiru."

Wallahi da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi. Mutumin da ya fito da matattun kaya daga sito da hannunsa, ya ɓare musu takarda, ya yi wa baƙi ƙarya, ya yi wa tsohuwa ƙarya bayan sun gama gaisawa, shi ne yanzu yake tuna wa mutane doka.

Malam Mudassir ya dubi Gwaggo. "Mama, gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ni ce na ce, "Ɗan fari ne, Malam." Na faɗa a lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Malam Mudassir ya dubi takardar hannunsa. Sannan ya ce, "Na san abin, Mama. Ni ma ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta faɗin sunana. Amma an yi abin a gaban mutum ɗari da talatin, kuma dole in rubuta abin da ya faru." Ya sa aka kwashe mutum goman, aka jira rukunin farko suka fita, aka zaunar da su a kwamfutoci masu kyau, aka ba su awarsu cikakkiya. Abdurrahim kuwa aka ce ya jira a waje. A rahoton an rubuta cewa ma'aikaciya ta ɓoye dangantakarta da mai rubutawa, kuma ta yi masa magana ana cikin jarrabawa. Duka biyun gaskiya ne, shi ne abin takaicin.

Gwaggo ta roƙe shi, ita da ban taɓa ganin ta roƙi kowa ba. Ta ce a hukunta ta, a hana ta shiga kowane zaure har ta mutu, amma a bar shi ya zauna, ko amsa ɗaya ba ta gaya masa ba. Ya ce zai rubuta hakan ma, kuma na yarda ya rubuta. Bayan sati uku sakamako ya fito. Shida daga cikin goman nan sun samu aiki, har da mai cikin. A gaban sunan Abdurrahim an rubuta an soke. Ya kai ƙorafi a rubuce, aka ce ana dubawa, ana cikin dubawar ya cika talatin da biyar.

Cibiyar fa? An aiko wa Alhaji takardar gargaɗi, ya sayi kibod goma sha ɗaya, ya ɗauki hotonsu ya tura. Bayan wata huɗu aka sake ba shi jarrabawa. Gwaggo ba ta jira ya kore ta ba, ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan jarrabawar ta aika masa da katin aikinta. Ni ma na bi bayanta. Na ji an ce wanda ke sa hannu yanzu a ofis yake sawa, ko zauren ba ya shiga. In na haɗu da Alhaji a hanya har yanzu yana tsayawa ya yi mini doguwar gaisuwa, ya ce in gaida Malama, ni kuma in amsa don an hore ni da amsa gaisuwa.

Mutanen unguwa suka rabu biyu. Wasu suka ce da ta yi shiru ta je ta kira jami'in, da ba a soke shi ba. Wasu suka ce da ta faɗa tun da safe. Duk sun iya lissafi bayan an gama. Ba wanda ya tsaya ya ce da ta faɗa da safe an fitar da ita waje, da babu kunnen da zai ji bugun nan, da mutum goma sha ɗaya sun koma gida suna cewa su ne ba su iya ba. Su shidan da suka samu aiki, mutum ɗaya ce ta zo godiya, mai cikin, ta zo da jaririyarta da ƙwaryar gero.

Gwaggo tana nan a Ƙofar Durbi. Masu shagunan buga takardu na unguwa kan kawo mata kibod ta taɓa musu kafin su saya, tana yi a tsakar gida a kan tabarma, da kwalbar jan farcenta a gefe. Ba ta taɓa tayar da maganar ranar ba, in na tayar sai ta ce in bari. Amma ta rame, kuma ta daina yi mini hararar nan in na tsokane ta, shi ya sa na daina.

Abdurrahim na can makarantarsa ta Batagarawa, shekara ta goma sha ɗaya ke nan. Kwanakin baya ya shigo gari, na tare shi a zaure na sauke masa duk abin da ke cikina, na zagi Alhaji, na zagi rahoton, na zagi kaina. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Bashira, aikin ya wuce, na sani, kuma ina jin zafinshi kullum. Amma kin san ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba sai ran nan?"

Wannan magana ba ta sanyaya mini rai ba, ƙara tunzura ni ta yi, don bai kamata a ce sai da ya rasa aikin rayuwarsa sannan ya ji ba. Muna tsaye sai muryar Gwaggo ta fito daga cikin gida, tana ce wa jikarta, "Ɗauki kwanon ga ki kai ma mutumin Batagarawa, kada shi huce."